Wasan Cin Duniya: Daga Empire Zuwa Amina ta Zazzau

Cikin kalmomin Hausa da wuya a sami wadda ta kai "ci" yawan aiki. Bahaushe yakan ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci bashi, ya ci sarauta. In ya zauna a gindin bishiya da abokinsa sai ya ci shi a dara, in kuwa sarki ne mai dawaki sai ya ci gari da yaƙi. Da wannan kalma ɗin dai har wa yau ake cin amana. Watau tun asali harshen bai raba cin wasa da cin ƙasa ba, kuma ya ajiye cin amana kusa da su duka biyu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin tarihin wani irin wasa da ya tara waɗannan ma'anoni wuri guda, watau wasan cin duniya da ake yi a kwamfuta, tun daga wanda aka ƙaga a Amurka cikin 1972 mai suna Empire, har zuwa lokacin da Amina ta Zazzau ta bayyana cikin jikokinsa. Zancen ya shafi Zariya fiye da yadda ake zato, domin kuwa tun kafin a haifi kakannin samarin Tudun Wada na yau an riga an yi wannan wasa da gaske a kan ƙasar da suke takawa.

Daga gurbi zuwa taswira

Dara wasa ne na fili. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, gurabu kuma ga su nan a haƙe a ƙasa, kowa na gani. Wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya daga na abokin karawarsa. Babu abin da ke ɓoye sai dabarar da ke cikin zuciya. Gurbin dara ba shi da suna, ba kowa ke zaune a cikinsa ba, in an tashi iska ta share shi, shi ke nan.

Al'amarin ya sake kama ne sa'ad da aka kau da gurabu aka shimfiɗa taswira. A 1824 wani hafsan soja na ƙasar Furushiya, wadda daga baya ta zama ƙashin bayan Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya buga ƙa'idojin wani wasan yaƙi da mahaifinsa ya fara. A kan taswira ta ainihi ake yin sa, ana tura 'yan ƙananan gutsattsari ja da shuɗi a madadin rundunoni, ga alƙali a tsakani wanda shi kaɗai ya san inda kowa yake. Sojan ƙasar suka karɓe shi don horar da hafsoshi. Da Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashen Turai suka shiga kwaikwayo.

Ba a jima ba hannun da ya saba tura gutsattsari a kan taswira ya kai ga Afirka. Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 wakilan ƙasashe 14 suka zauna a Balin suka tsara ƙa'idojin rabon nahiyar, ba ɗan Afirka ko ɗaya a zaman. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Salisbury, ya faɗa da bakinsa, cikin raha, cewa sun yi ta ba juna kyautar duwatsu da koguna alhali ba su ma san takamaiman inda suke ba. An yi ta gyaran layin nan a 1898 da 1904 da 1906, daga ƙarshe ya bar Katsina da Daura a gefe guda, Maraɗi da Damagaram a ɗaya gefen.

Abin da manya suka yi da gaske shi aka mai da wasan yara. A 1957 wani Bafaranshe mai shirya fim, Albert Lamorisse, ya fitar da wasan allo wanda ma'anar sunansa ita ce cin duniya. Bayan shekara biyu aka buga shi a Amurka da sunan Risk. An kasa duniya yanki 42, Afirka ta sami shida: Afirka ta Arewa, Masar, Afirka ta Gabas, Kwango, Afirka ta Kudu da Madagaska. Mai neman ƙasar Hausa a wannan allo zai same ta, ita da Barno da ƙasar Yarbawa da Mali, an dunƙule su duka cikin yankin da aka kira Afirka ta Arewa. Wanda ya mallaki Afirka baki ɗaya ana ƙara masa runduna uku a kowane zagaye, mai Turai biyar, mai Asiya bakwai. Kuɗin nahiyar ke nan a idon mai allo.

Empire

A farkon shekarun 1970 kwamfuta ba abin da mutum ke ajiyewa a ɗakinsa ba ce. Inji ne mai tsada da jami'o'i da manyan ma'aikatu suka mallaka, mutane da yawa suna aiki da shi lokaci guda, kowa a gaban nasa madannai. Wannan tarayya ita ta haifi wasan taron jama'a. A 1972, a Kwalejin Evergreen da ke jihar Washington, Peter Langston da abokansa, cikinsu har da Ben Norton, suka rubuta wani wasa da harshen kwamfuta na BASIC a kan inji samfurin HP2000. Tushensa wani wasan allo ne da ɗalibai ke yi a Kwalejin Reed. Da aka daina aiki da injin sai wasan ya salwanta tare da shi. A 1974 Langston ya sake rubuta shi a Jami'ar Harvard da harshen C, a kan inji PDP-11, kuma daga wannan ne ya bazu zuwa sauran jami'o'i. Cikin shekarun 1980 Dave Pare da wasu suka warware shi suka sake gina shi, aka yi ta ƙara masa abubuwa, har a tsakiyar shekarun 1990 ya koma hannun wasu masu sa kai da ke kiran kansu Wolfpack. Shi kuwa Langston ya tafi kamfanin Lucasfilm a 1982 ya kafa musu sashen wasanni.

Ya kamata a yi hattara da sunan, don wasa uku ne suka ɗauke shi a wannan zamani. Akwai na John Daleske na 1973 a kan tsarin PLATO, wanda yaƙin taurari ne, akwai kuma na Walter Bright na 1977, wanda za a dawo kansa nan gaba. Na Langston shi ne na cin duniya tsakanin mutane da yawa.

Wanda ya saba da wasannin yau masu hotuna da kiɗa zai yi mamakin ganin Empire. Babu hoto ko ɗaya. Da haruffa da alamomin rubutu ake zana taswirar: ɗigo shi ne teku, 'yar alama mai tsini ita ce dutse, karan ɗori shi ne dajin da ba mai shi, harafin c babban birni, a gona, h tashar jirgin ruwa, g mahaƙar zinariya. Da rubutu ake ba da umarni, da lambobi ake samun amsa. Kowane ɗan wasa ƙasa guda gare shi, yana farawa da gida biyu cikin wani matsayi da za a iya kira tudun mun tsira, inda ba mai ikon taɓa shi. Amma ba ya iya yin komai a nan. Sai ya ba da umarni da kansa an karya kariyar sannan zai fita ya mamaye daji, daga wannan lokaci kuwa jininsa ya halatta ga kowa.

Abu biyu suka raba wannan wasa da dara. Na farko, duniyar a rufe take. Ɗan wasa ba ya ganin komai sai abin da ke kusa da iyakarsa, ko abin da jiragensa da 'yan leƙen asirinsa suka gano. Bai san yawan ƙarfin maƙwabcinsa ba, wani lokaci bai ma san yana da maƙwabci ba sai ya ga alamar tambaya ta ɓullo a gefen taswirarsa. Daɗin daɗawa, kowace ƙasa daga babban birninta take fara ƙirgen wurare, watau kowa shi ne sifiri da sifiri a tasa taswirar, shi ne cibiyar duniya. In abokan ƙawance biyu suna son su gane wurin da suke magana a kai, tilas sai ɗaya ya gaya wa ɗaya inda birninsa yake, wannan kuwa miƙa wuya ne ga wanda ke riƙe da wuƙa.

Na biyu, lokaci ba ya jiran kowa. Injin yana lissafinsa a kan kari, ko mai ƙasa yana nan ko yana barci: jama'a su hayayyafa, ma'adinai su taru, annoba ta faɗa wa garin da ya cika cunkoso. Wasa ɗaya yakan ƙare cikin yini, wani kuwa ya ɗauki watanni. An sha ba da labarin ɗaliban da suka bar karatu suka bar barci don tsoron kada a kai musu harin asuba.

Inda hikimar Langston ta fi fitowa shi ne wajen mulki. Ya gane cewa sarki ba ya yin komai da hannunsa, sai ta hannun fadawa da malaman ofis, su kuwa lokacinsu ƙayyadadde ne. Saboda haka ya sa kowane umarni yana cin wani abu da ya kira, cikin zolaya, awon lokacin ma'aikata. Farar hular da ke zaune a babban birni su ke samar da shi. In ya ƙare, ko da mutum yana da runduna dubu, ba shi da bakin da zai ce musu su tashi. In aka ci birnin kuwa, ƙasar ta zama gangar jiki ba kai. A sigogin da suka biyo baya an ƙara abinci da man fetur da ilmi da jin daɗin jama'a, aka kai har ga makaman ƙare dangi. Mafi yawan lokacin ɗan wasa a lissafin hatsi da gyaran hanya yake ƙarewa. Duk wanda ya karanta yadda sarakunan ƙasar Hausa ke jiran kaka ta wuce kafin su fita yaƙi, saboda guzuri da abincin dawaki da bushewar hanya, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Akwai wani wuri mai duhu a cikin waɗannan sigogi na baya wanda bai kamata a tsallake shi ba. Mutanen garin da aka ci ba sa yin biyayya nan da nan, sukan yi tawaye. Wasan ya ba mai nasara umarni guda na harbe su, da wani umarnin na mai da su abin da ya kira ma'aikatan da ba a biya. Sunan yana da laushi, amma Bahaushe ya san shi da sunansa na gaskiya, ya san shi a zamanin harin bayi, ya kuma san ɗan'uwansa a zamanin aikin tilas na hanyar jirgi da haƙar kuza. A kan allon dai lamba ce ta ragu a wani layi ta ƙaru a wani.

Duk da haka, abin da ya riƙe mutane a wasan shekara da shekaru shi ne junansu. Akwai hanyar aika wasiƙa daga ƙasa zuwa ƙasa, da ta yin shela ga duniya duka, akwai ba da rance, akwai ƙulla ƙawance, akwai ma jaridar da injin ke fitarwa mai faɗin wanda ya kai wa wani hari. Akwai mai kula da wasan, wanda suka laƙaba wa sunan abin bauta, sunan da kunnen Musulmi ba zai so ba. Alƙalin wasa ya wadatar. Shi alƙalin ba ya tilasta wa kowa cika alkawari. Ƙaramar ƙasa ba ta rayuwa sai ta jingina da babba, babbar kuwa tana lissafin ranar da jinginar za ta zama ci.

Yadda aka yi shi a Zazzau

Wannan lissafi na ƙarshe shi ya faru a Zariya. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa Arewa ta shiga hannun Ingila, alhali mafi yawanta bai taka ba. Sarkin Zazzau Kwasau, wanda ya hau gado a 1897, yana fama da Sarkin Sudan Ibrahim na Kwantagora, wanda Turawa suka kora daga garinsa a 1901 ya dawo yana ta'adi a ƙasar Zazzau. Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo a 1902, suka kau masa da Ibrahim, amma ba su koma ba. Suka ajiye soja da Razdan. Ba a yi nisa ba suka kama Kwasau ɗin kansa suka kai shi Wushishi, a 1903 suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi, wanda shi ma daga baya suka tuɓe suka kai Lakwaja. Daga Zariya rundunar Kanar Morland ta tashi ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Kwasau dara ya iya, inda ake ganin 'ya'yan abokin karawa duka a fili. Waɗanda ya gayyato kuwa da taswira suka zo, wadda shi ba a nuna masa ba.

Da suka ci ƙasar sai suka shiga sanya wa gidaje haruffa. Birni na cikin ganuwa aka bar wa Zage-zagi. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso, wadda ta kai Kano a 1911, aka keɓe Sabon Gari a hayin Kubanni don ma'aikata da 'yan kasuwa, yawancinsu mutanen Kudu, Turawa kuma suka ware tasu unguwa. Tudun Wada, a bayan Ƙofar Doka, aka yanka wa 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin ba. Watau unguwar kanta gida ce da wani ya zana a takarda. Sai dai mazaunanta sun mai da ita abin da mai zanen bai nufa ba, don a nan kusa, a Tukur-Tukur, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, yankin ya zama matattarar marubuta da malamai da masu buga littattafan Hausa.

Amina ta shiga allo

Empire na Langston bai ambaci sunan wata ƙasa ta duniya ba. Kowa shi ke raɗa wa tasa suna. Sunaye sun shigo ta wata hanya. Wasan Walter Bright, wanda ya rubuta a Caltech yana koyi da Risk, ya shiga kasuwa a 1987, kuma yana cikin abubuwan da Sid Meier da Bruce Shelley suka duba da suka fitar da Civilization a 1991. A nan ne aka ɗora tarihin al'ummu a kan gidajen taswira. Daga Afirka Masar da Zulu kaɗai suka sami shiga. Mali ta Mansa Musa ta jira har 2005, Songhai ta Askiya har 2010. Shelley kuwa yana cikin waɗanda suka ƙaga Age of Empires a 1997.

Rabon Hausa ya zo a makare. A 2020 Crusader Kings III ya sa Daurama ta Daura cikin sarakunan da ake iya zaɓa. A watan Agusta 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa cikin Age of Empires III, da barade masu lifidi da maharba Fulani da wani mayaƙi mai suna Maigadi, Amina kuma ita ce shugaba. A watan Fabrairu 2025 Civilization VII ya fito da ita cikin shugabanninsa, tana magana da Hausa. Ba ƙaramin abu ba ne yaro a Tudun Wada ya ji harshen uwarsa yana fitowa daga bakin sarauniya a wasan da ake yi a ko'ina cikin duniya, bayan an yi zamanin da ƙasarsa ba ta da ko suna a allo. Lifidin ma ba ƙage ba ne, Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Kanajeji.

Amma in an duba da kyau za a ga har yanzu hannun mai taswira ne ke zane. A wasan 2021 Kano aka ba Amina a matsayin birninta, abin da Bazazzage ba zai ji ya yi shiru ba. A na 2025 an ƙara wa mayaƙanta ƙarfi in suna yaƙi a fili ko a hamada, alhali Zazzau ƙasar ruwa ce, mai dawa da masara da rake, Turunku kuma cikin duwatsu take. Daga nesa duk abin da ke kudu da Sahara kusa da Sahara yake. Kuma lokacin da wasan ya fito babu ƙasar Hausa cikin ƙasashen da ake mulka, don an raba shugabanni da al'ummunsu. Sai a ga Amina tana sarautar Aksum ta Habasha, ko Songhai, ko ma Rum.

Abin da littattafai suka ajiye game da ita ya fi haka rikitarwa, ya kuma fi daɗin bincike. Tarihin Kano ya kawo ta a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana kuwa sun sauko da ita ƙarni na 16, suna cewa 'yar Bakwa Turunku ce. Sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau da aka gada, shi ya sa ake ta muhawara ko sarauta ta yi ko jagorar yaƙi ce kawai. Wasa ba ya ɗaukar irin wannan saɓani, tilas ya zaɓi magana ɗaya ya mai da ita lamba. Babannin nan arba'in, waɗanda mutane ne da iyayensu, ba su sami gurbi a lissafin ba. Goron dai ya samu ta wata fuska, tun da baiwar da aka ba ta ta biyu ita ce ƙarin zinariya a kan kayan fatauci da ke shiga biranenta.